Shaidar Tsutsa

Matakala tamanin da huɗu ce
daga ƙofar gidanmu a Hanoi zuwa rufin bene.
Na ƙirga su da buhun ƙasa a kafaɗa,
sau goma sha ɗaya,
innata Khuyen a gaba tana cewa, "Saura kaɗan."
Ba ta taɓa faɗin gaskiya a kan matakala ba.

Abin ya faro ne daren da Diep ta kwana amai.
Shekarunta huɗu.
Ganyen da muka ci kore ne shar,
yana sheƙi kamar an shafe shi da mai,
ko huda ɗaya babu.
A bencin asibiti inna ta zauna,
takalmi wari nata, wari nawa,
ta ce, "Abin da ƙwaro ya ƙi
shi muka sa kuɗi muka saya."

Da yarinya ta miƙe
inna ta bi masu kifi rumfa-rumfa
tana roƙon akwatunan soso da suka yar.
Ta wanke ƙarni, ta huda gindi da ƙusa mai zafi,
ta zuba ƙasar bakin Jan Kogi,
ɓawon ƙwai, dusar waken suya, ruwan wankin shinkafa.
Alayyafo ya fara leƙowa,
sai latas, sai na'ana'a, sai barkono mai faɗa.
Kabewa ta kama igiyar shanya ta ƙi saki.
Har yau a bayan kujera rigunana ke bushewa.

Wata asuba ta ƙwala mini kira,
na haura da gudu, na zaci faɗuwa ta yi.
Tsutsa ce, koriya, ta yi ɓul-ɓul a kan kabeji.
"Thuc, zo ka ga mai ɗanɗana mana abinci.
Ta ci, ta kwana, ta tashi."
Ta ɗauke ta da tsinken cin shinkafa,
ta miƙa wa tsuntsun maƙwabci a keji.
Shaida ta gama aikinta.

Amma na gida ma ba waliyyi ba ne.
Hayaƙin babura ba ya neman matakala.
Ruwa uku take yi wa ganyen da ta shuka da hannunta,
na ukun a bakin famfo, ganye bayan ganye.
Katakon yanka biyu ne a kicin:
mai tabon ƙuna na nama, ɗayan na ganye.
Ranar da na haɗa su
ludayi ya gaisa da bayan hannuna,
ina da shekara arba'in da ɗaya.
Shinkafar da ta kwana a waje cikin zafi
ko ta yi rantsuwa ba a sauraronta.

Sai ran nan Nhan mai ganye ta tare ta a lungu:
"Kin daina zuwa."
Inna ta ja ta har sama.
Matar ta zauna a kan bokiti tana haki,
ta shafa wani ganye da ya zama rariya.
"A ƙauye kunya biyu gare ni," in ji ta,
"ta kasuwa da ta gida.
Ta gida ba na fesa mata komai.
In na kawo mai huda irin wannan,
shekara tara, ke ce farkon mai wucewa."

Na jira amsa.
Inna, wadda ba a cin ta da baki,
ta sunkuya tana cire ciyawar da babu ita.

Rufin bene ba ya cika baki biyar.
Yanzu duk Talata Nhan na zuwa da ƙunshi daban
a ƙasan kwando, mai huda, mai ƙasa a saiwa,
inna ta biya ba ciniki.

Jiya da dare na sami Diep a sama,
ta kanga ganyen kabeji a ido ɗaya
tana neman wata ta cikin hudar.